Gado Ɗaya, Yara Biyu

Mount Hope, Bronx
Oktoba 1994

Zuwa ga taubashina Shitu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida matarka Senada da yaran nan biyu, da fatan takardar nan za ta same ku da rai da lafiya. Mu nan ƙalau muke, sai sanyi da ya fara leƙowa.

Wani ɗan Gana da ke sallah a masallacinmu ya ce ƙanensa, Manjo Abdulai, yana cikin sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Sarajevo, kuma yana jin Hausa irin ta Zango. Shi zai kawo maka wannan. In ta iso ka ba shi amsa hannu da hannu, kada ka tsaya nawar nan taka da na sani tun muna Funtuwa.

Tun da aka rufe garinku ban ga rubutunka ba. Kullum na dawo daga aiki sai in kunna talabijin in zuba ido kan mutanen da ke gudu da jarkoki, ko zan hango baƙar fata guda ɗaya a cikinsu. Ai ba za ka yi wuyar ganewa ba. An tura ka karatun injiniya, ka ga farar mace ka manta hanyar gida. Da aka zo kwashe baƙi ka ce ba ka barin surukarka a kwance. To ga shi nan.

Ni ma kada ka ɗauka a sake nake. Takarduna har yau ba su fito ba, in na fita ƙasar nan ba ni ba dawowa. Ko rasuwar Kawu, mahaifinka, a waya na yi ta'aziyya. Maigidana Mukhtari kuma an tashe su daga titin 125th inda suke kasa kaya, duk masu tebur an tattara su a wani fili inda mai saye ba ya bi.

Ga abin da ya sa na rubuto. A asibitin da nake aikin kula da marasa lafiya akwai wata likita da ke cikin ƙungiyar masu ɗauko yaran Bosniya su yi musu magani a nan. Na bi ta, na bi ta, har ta gaji da ni. Ta ce za su iya ba ni gado ɗaya. Ɗaya tak, Shitu, kuma sai yaron da ba shi da lafiya. Ka gaya mini halin da yaran suke ciki.

Taka,
Suweiba

*

Sarajevo
Nuwamba 1994

Zuwa ga Suweiba, sarauniyar surutu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa, na sake karanta ta a zaune. Muna nan lafiya, alhamdu lillahi. Surukar tawa ta rasu a sanyin bara, a filin ƙwallo muka binne ta saboda maƙabarta tana bakin bindiga. Ki gaida Mukhtari, Allah Ya buɗa masa kasuwa.

In kina nemana a talabijin, ki duba mai tura keken jarirai cike da jarkoki. Ni ne, injiniyan lantarki a garin da ba wuta. Garin nan kamar akushi yake, mu muna ciki, Sabiyawa masu igwa suna zaune a kan duwatsun da suka kewaye mu. Fasfona ya mutu, ofishin jakadancinmu kuma yana Belgrade, can ɓangarensu.

Kin san yadda gidan Kawu yake in za a gyara katanga, kowa ya kawo shawara har damina ta wuce? Haka Turawan nan suke. Faransa ta ce a yi kaza. Ingila ta ce a'a, sojojinta ne a ƙasa, su za a taɓa. Jamus ta ce tarihinta bai bar ta ta ɗauki bindiga ba. Rasha ta ce Sabiyawa 'yan'uwanta ne. Su zauna a Janiba su zana taswira, su yaga, su sa ranar wani zaman. Sun hana a sayar wa garin nan makami, sun aiko mana da wake da man girki. Maƙwabcina ya ce so suke mu mutu a ƙoshe. Manjo Abdulai mutumin kirki ne, amma aikinsa shi ne ya ƙirga harsasan da suka faɗo ya aika rahoto. Shi kansa kunyar abin yake ji.

Kin tambayi yara. Faruƙ ya shiga shekara bakwai, fuka ta sa shi gaba. Muna kwana a ɗakin ƙasa mai danshi, abin da muke ƙonawa mu ji ɗumi kuwa tsofaffin takalma ne da littattafaina. Hayaƙin yana shiga ƙirjinsa ya yi ta shaƙa kamar zakaran da aka shaƙe. Ya rame, amma bakinsa bai mutu ba, a nan ya biyo ki. Ya ce a tambaye ki wai da gaske ne a Amurka ruwa yana fitowa daga bango kowane lokaci.

Ita kuwa waccan, babbar, wani guntun ƙarfe ya same ta a ƙafa a layin ruwa tun watan Agusta. Ana wanke mata. Ba ta cika fita ba yanzu.

Ke ce goggonsu, kin san abin da ya dace. Na bar miki zaɓi.

Naki,
Shitu

*

Mount Hope, Bronx
Janairu 1995

Shitu,

Gaisuwa mai yawa gare ku duka. Allah Ya jiƙan surukarka, ka yi wa Senada ta'aziyya a madadina. Mu lafiya, sai dusar ƙanƙara da ta rufe titin Grand Concourse har bas ba ya iya tsayawa a bakin hanya.

Albishirinka. An ba Faruƙ gadon. Na fassara wa likitar abin da ka rubuta game da ƙirjinsa, ta nemi asibitin yara masu ciwon ƙirji, suka yarda. Za a neme ku daga ofishin Majalisar a can, wata ma'aikaciyarsu za ta rako shi. In an sallame shi a wurina zai zauna. Na riga na share masa lungu a falo, Mukhtari ya samo katifa. Ban san haka nake son yaro a gidan nan ba sai da na ga katifar a shimfiɗe.

Ita babbar, Allah Ya ƙara sauƙi. Tunda ana wanke mata, in sha Allahu ya kusa warkewa. Ka ce mata ta daina zuwa layin ruwa, kai da kake ƙato ka je.

Ranar Lahadi mun je gaban ginin Majalisar da matan masallaci, mun ɗaga kwalaye a cikin sanyi har yatsuna suka daina ji. Motoci masu tuta suna ta shiga suna fita, ba wanda ya sauke gilashi. Mutanen nan cewa suke yi yaƙin a tsakar gidan Turai yake, Turai ta gyara abinta. Su kuma can na ji suna cewa sai Amurka ta motsa. Kowa ya riƙe ƙofa yana ce wa ɗan'uwansa bismilla.

Taka,
Suweiba

*

Sarajevo
Maris 1995

Suweiba,

Muna lafiya. Wannan a aljihun rigar Faruƙ za ki same ta, don gobe jirginsu zai tashi. Allah Ya saka miki da alheri, kin yi abin da ba wanda ya yi mana.

Na je ofishin na tambaya ko ana iya canja sunan yaron da za a ɗauka. Suka ce sai dai a soke wannan a fara daga farko, kuma daga New York za a fara. Senada ta ce a bar shi ya tafi, ɗaya a waje ya fi babu. Tun ranar ba ta yi mini magana mai tsawo ba.

Hausarsa kaɗan ce, ki yi haƙuri da shi. Ba ya son a rufe ƙofa.

Shitu

*

Mount Hope, Bronx
Afrilu 1995

Shitu,

Ina gaishe ku saboda haka aka koya mini, amma raina a ɓace yake, kuma sai na faɗa.

Faruƙ ya iso lafiya. Kwana kaɗan ya yi a asibiti suka sallame shi da abin shaƙa a baki. Sun ce fukar ba mai tsanani ba ce, hayaƙi ne da yunwa. Ga shi nan yana ta cika mini kowace kwalba da ruwa yana jerawa a ƙarƙashin gado.

Maganarka ta canja suna ce ta tsaya mini a rai. Yaron kuma kullum sai ya kama hannuna ya nuna ƙafarsa ya yi ta zuba da yarensu. Mukhtari ya samo wani direban tasi ɗan Bosniya ya zo ya fassara. Mutumin nan yana fassarawa yana share hawaye. Yaron ya ce yayarsa ba ta taka ƙasa ba tun kafin sanyi. Ya ce ƙashin ne ya karye ya ƙi haɗuwa, ciwon yana wari har ba ya iya cin abinci a kusa da ita. Ya ce ita ta ɗinke masa jakar da ya zo da ita, a kwance.

Na ɗauki takardarka ta Nuwamba na sauka wurin Inna Salamatou, tsohuwar nan 'yar Maraɗi da ke ƙasanmu, na karanta mata. Ban kai ƙarshe ba ta tare ni. Ta ce, "Wannan da bai hwaɗi sunanta ba, ita ce ɗiyar hwari?" Na ce ita ce. Ta ce, "To ita ce ba ta da lahiya. Uba ya roƙa ma ɗiyar hwari abu da bakinshi? Ke ɗiya, ina kika baro hankalinki?"

A gida na baro shi, Shitu. Na daɗe a ƙasar da in mutum yana ciwo yake cewa ina ciwo. Allah bai ba ni haihuwa ba, ban taɓa jin kunyar ɗan fari a jikina ba. Na karanta takardarka kamar yadda ake karanta takarda a nan, inda aka fi yawan magana nan ne matsala. Wannan laifina ne, na ɗauka.

Amma kai fa? Ana ruwan wuta a kanka, ƙafar yarinya tana ruɓewa, kai kana alkunya? Wa zai gan ka? Wace tsohuwa ce a Sarajevo za ta ce Shitu ba shi da ta ido? Layi biyu ka ba ta, ka ba tarin Faruƙ rabin shafi. Ina jin haushinka, ina jin haushin kaina, kuma ina son yaron nan, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Na koma wurin likitar. Ta ce gadon masu ciwon ƙashi daban ne, a wani asibitin, kuma layin da tsawo. Ban bar ta ba, ba kuma zan bar ta ba. Ka rubuto mini gaskiya tsirararta, da sunan yarinyar a jiki.

Suweiba

*

Sarajevo
Yuni 1995

Suweiba,

Na karɓi faɗanki. Muna nan da rai. Ki shafa mini kan Faruƙ, ki ce masa mamarsa tana ajiye da hularsa.

Takardarki ta daɗe a hanya. Tun Afrilu aka rufe filin jirgi, ba abin da ke sauka, ba abin da ke tashi. A watan jiya jiragen NATO suka jefa bam a wata ma'ajiyar makamai, sau ɗaya ko biyu, kamar mai gwada zafin ruwa da yatsa. Sabiyawa suka kama sojojin Majalisar suka ɗaure su a jikin turaku suka nuna wa duniya. Manjo Abdulai yana cikinsu. An sako shi, amma ya dawo ba ya haɗa ido da kowa. Su kuma Turawa suka koma teburinsu, wannan ya ce a ƙara soja, wancan ya ce a kwashe na nan ɗin ma.

Kin tambaye ni wa zai gan ni. Ba kowa. Amma kin san Kawu har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunana ba, don ni ne ɗansa na fari. Ranar da zan taho ƙasar nan, a zaure ya juya mini baya ya ce wa ƙanena, "A gaya wa wancan ya riƙe sallah." Ni na san abin da ke cikin maganar, kuma ya ishe ni guzuri har yau. Da na ɗauki alƙalami in rubuta miki a ɗauki babbar a bar ƙaramin, hannuna ya ƙi. Sai na rubuta yadda kowace mace a Funtuwa za ta gane. Na manta shekarun da suka wuce a kanki, kamar yadda kika manta waɗanda ba su wuce a kaina ba. Senada ta ce al'adata ta cinye mata ƙafar 'ya.

Ga gaskiyar. Tahiratu, shekararta goma sha uku. Ƙarfen ya farfasa ƙashin ƙaurinta na hagu. An yi mata aiki sau biyu da hasken fitilar mota. Ciwon ya shiga ƙashi, zazzaɓi yana zuwa yana tafiya, maganin da ake buƙata babu shi a garin nan. Likitan da ke duba ta ya ce a wurinku za a iya ceton ƙafar. A nan kuwa abin da zai iya shi ne ya yanke daga saman gwiwa, kuma in an daɗe ba ƙafar kaɗai za a rasa ba. Ya ce in sa hannu. Ita ta ce kada in sa, Goggo Suweiba za ta aiko.

Don haka ki gaya mini, ba don ki kwantar mini da hankali ba. Akwai gadon ko babu? In akwai, za mu jira iyakar abin da jikinta zai ɗauka.

Shitu

*

Mount Hope, Bronx
Yuli 1995

Shitu,

Akwai. Akwai gadon. Na fara da wannan kafin gaisuwa, Allah Ya sa kuna lafiya.

Jiya likitar ta kira ni daga bakin aiki. Asibitin ƙashi sun karɓi Tahiratu, babban likitansu ya ce ya ga irin wannan ya kuma ceci ƙafar. Sunanta yana ofishinku na can, jirgin farko da zai tashi da marasa lafiya da ita zai tashi. Kada ka sa hannu. Ku riƙe ta, ku yi ta wankewa, ku jira.

Kuma ina jin jiran ba zai yi tsawo ba. Tun da labarin Srebrenica ya fito, mazan da aka raba da matansu aka tafi da su, maganar garin nan ta canja. Har masu gadin asibiti suna tambayata ina 'yan'uwana. An ce manyan ƙasashen sun yi taro a Landan, an ce wannan karon da gaske suke. Na san ka sha jin haka. Ni ma na sha ji. Amma dole filin jirgin nan ya buɗe.

Faruƙ ya yi kumari, ya fara Turanci, Hausar ma yana tsinta a wurin Inna Salamatou, har ya iya cewa "lahiya lau". Ranar bikin 'yancin ƙasar nan da aka fara wasan wuta, na neme shi na rasa. A cikin bahon wanka na same shi ya rufe kansa da tawul. Na shiga na zauna tare da shi har aka gama. Ya tambaye ni a ina yayarsa za ta kwana in ta zo. Mukhtari ya ce shi zai koma falo, mu bar mata ɗakin, saboda ya fi kusa da banɗaki.

Da ina da takardu da na zo bakin iyaka na tsaya, ko ba a bar ni na shiga ba. Ba ni da su. Abin da nake da shi ke nan, takarda da addu'a. Yayan Manjo ya ce zai aika ta Zagreb, inda sojojin Majalisar suke da babban ofishi, daga can za a san yadda za a yi.

Ka ce wa Tahiratu goggonta ta aiko.

Taka,
Suweiba

*

Sarajevo
Satumba 1995

Suweiba,

Assalamu alaikum. Muna gaishe ku, ke da Mukhtari da Faruƙ da tsohuwar da ke koya masa Hausa. Tahiratu tana raye. Ki fara riƙe wannan.

Takardarki ta kwana a Zagreb a cikin buhun wasiƙun sojoji, ba jirgin da zai kawo ta. Ofishin nan ma ba su neme ni ba sai a makon nan. Mun jira duk watan Yuli. A farkon Agusta zazzaɓin ya hau ya ƙi sauka, ta daina gane mamarta, tana kiran Faruƙ ya zo su tafi ɗiban ruwa. Likitan ya fito ya same ni a baranda ya ce yau ne ko kuma ya cire hannunsa. Na sa hannu.

Da Manjo Abdulai ya kawo takardar taki, har an warware mata ɗinki. Na karanta a matakala. Ban nuna wa Senada ba, ban nuna wa yarinyar ba. Su a saninsu gadon bai samu ba, kuma ina roƙonki ki bar shi a haka. Ki gode wa likitar, ki ce a ba wani yaron. Suna da yawa a nan. Kada ki ɗora wa kanki, ni ma ina ƙoƙarin kada in ɗora wa kaina, ban dai iya ba tukuna.

Faruƙ ya zauna a wurinki har mu ga yadda hanya za ta yi. Ki gaya masa a hankali, ki nemi direban nan ya taya ki.

Kin ga abin da ya faru a talabijin, ba sai na ba ki labari ba. Bayan an sake jefa bam a kasuwa, a ƙarshen Agusta jiragen NATO suka zo. Wannan karon ba gwaji ba ne. Kwana da kwanaki suna wucewa ta kanmu, duwatsun nan da suka hana mu sakat suna ta hayaƙi. Yanzu igwogin sun yi shiru, an ce ana janye su. Filin jirgi ya buɗe. Jiya na ga tumatir a kasuwa. Mutane suna hawa rufin gidaje suna tafi, maƙwabcina har rawa ya yi. Turawan da suka shekara uku suna gardama, ga shi abin bai ɗauke su wata guda ba.

Ranar da aka fara, Tahiratu ta ce in kai ta taga. Na ɗauke ta, ba ta da nauyi yanzu. Ta daɗe tana kallon sama. Can ta ce, "Baba, sababbi ne jiragen nan?" Na ce a'a. Ta ce, "Dama suna da su tun lokacin da nake da ƙafata?"

Na ce mata e.

Naki,
Shitu